Soron kakanmu yana yoyo, mu shafe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da gidan gado a cikin birnin Zariya. Soron kakanmu mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai tudu kamar ƙubba, ya fara yoyo a daminar bana, azarar rufin ta yi baƙi a wasu wurare. Birkila ya ce ko a shafe shi da siminti ciki da waje, ko a rushe shi kafin ya faɗo wa yara. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, a hana yara kwana a ɗakin har a duba shi. Amma baƙin azara ba shi ke nuna ta mutu ba, sau da yawa hayaƙin shekaru ne. Azarar da aka faskaro daga namijin giginya tana da tauri, gara ma ba ta cika yi mata komai ba. Ka samu ƙusa ka soka a bakinta, daidai inda ta shige bango. In ƙusar ta tsaya, lafiya lau. In ta nutse, gari na zubowa, wannan sai a tokare rufin a canza ta.

Batun siminti kuwa, na gaji da jin sa. Kusan duk soron da aka kira ni in gani yana mutuwa, siminti ne ya kashe shi. Ginin tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin wannan. Kuma ba ya kama ƙasa da gaske: rana ta buga, ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige baya, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, har da fenti, ciki kuwa ƙasa ta zama kunu. Ƙwanƙwasa irin wannan bangon ka ji yadda yake amsawa fanko. Wurin da danshin ke taruwa kuma shi ne inda bakin azara yake a binne, can take ruɓewa ba wanda ya gani, sai ranar da rufi ya zauna. Sannan a ce ginin ƙasa ba ya ƙarko! A Ingila ma haka siminti ya ruɓar da katakon tsofaffin gidajensu, har masu gyaran suka koma wa farar ƙasa. Mai ba ka wannan shawara buhu nawa zai ci yake lissafi, bai taɓa ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro, ko ɗaya ba.

A garinku fa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya hau mulki a 1834, da ƙasa da azara, kuma bakunan gizonsa na nan tsaye.

Yoyon da kake gani, galibi indararo ne ya toshe, ko rufi ya lotsa ruwa na kwanciya. A hau a share, a cike lotsawar, a sabunta yaɓe da makuba ko laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, kafin ruwan farko. A duba gindin bango ma, ko kwata ko daɓen maƙwabta na turo masa ruwa. In akwai tsohon siminti a jikinsa, a ɓanɓare shi da rani, kaɗan-kaɗan, bangon ya sha iska.

Ka nemi maginin gargajiya ta hannun Sarkin Magina. Kada kowa ya sa diga a soron nan kafin shi ya hau ya gani.