Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya: tsakanin Stafford da Goff, wa ya fi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce tun daren da Washington ta yi waje da ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka, Detroit Lions, a Janairun 2025, zuciyarka ke raya maka cewa da Stafford, tsohon kwatabak ɗinmu (mai jefa ƙwallo), ne a fili da ba a yi haka ba. Ka ce rigarsa mai lamba 9 tana nan cikin durowa, ka kasa sawa kuma ka kasa kyautarwa, kana so a gaya maka tsakani da Allah wa ya fi tsakaninsa da Goff, wanda ya gaje shi. Wallahi ciwonmu ɗaya. Ni ma tawa rigar tana nan, har lambar ta fara ɓarewa saboda wanki.

In dai ƙarfin hannu ake magana, babu gardama, Stafford ne. Duk wanda ya ce maka Goff ya kai shi jifa, to bai kalli wasan 2011 ba, shekarar da ya jefa yadi 5,038 da tacdawun 41, wato jifan da aka kai ƙarshen fili aka ci maki. Mutumin nan yana gudu, jiki a karkace, ido na kallon wani wuri, zai saki ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum biyu. Ga taurin rai. Ka tuna wasan Cleveland a shekararsa ta farko, 2009, da aka maka shi da ƙasa kafaɗarsa ta goce, ya zame wa masu duba shi ya koma fili ya jefa ta ƙarshe, aka tashi 38 da 37? Ranar na ce wannan yaron namu ne har abada. Mu da muka fito daga 2008, wasa 16 ba mu ci ko ɗaya ba, wannan abin ya fi ƙarfin a kira shi nasara kawai.

To amma shekara 12 ya yi mana, sau uku kacal muka kai zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma duka ukun a wasan farko aka koro mu. New Orleans, Dallas, Seattle. Na New Orleans da na Seattle ba na ko tuna su, an fi mu ne kawai. Na Dallas ne har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

4 ga Janairun 2015. Mun fara da 14 da babu. An shiga zango na huɗu muna gaba da 20 da 17, saura wajen minti takwas, dama ta uku cikin huɗu, yadi ɗaya muke nema. Stafford ya jefa wa Pettigrew, mai tsaron Dallas ya bi shi ya rufe shi ko waiwayen ƙwallo bai yi ba. Aka jefa ƙyallen rawaya, alamar an yi laifi. Alƙalin wasa ya kunna makirfo ya sanar wa duniya laifin. Na miƙe a falo ina tafi, matata na cewa in rage murya yara sun yi barci. Kafin in zauna sai na ga an sunkuya an ɗauke ƙyallen. An ɗauke! Ba wani bayanin da mai hankali zai kama a lokacin. Dez Bryant na Dallas ya shigo fili ba hular kwano yana ta hayaniya, shi ma ba a ce masa uffan ba. Daga nan muka buga ƙwallon da ta yi yadi 10 kacal, Romo, kwatabak ɗin Dallas, ya gangaro ya ci, aka tashi 24 da 20. Na kashe talabijin na zauna a duhu da rimot a hannu. Da asuba na tafi aiki, ina kankare ƙanƙarar gilashin mota ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Shekarar muna da masu tsaron baya na gaske, Suh yana nan, ga kuma Calvin Johnson mai cafke ƙwallo. Da an bar ƙyallen nan a ƙasa, wataƙila da duk wannan tambayar taka ba ta taso ba. Kuma a yankin da Stafford ya tashi aka yi masa haka.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa wai shi ne bai iya cin manyan wasanni ba. Da wa zai ci? Daga Nuwamban 2013 har Satumban 2018 babu mai gudu da ƙwallo ko ɗaya a Lions da ya yi yadi 100 a wasa guda. Kusan shekara biyar! Calvin ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, kamar yadda Barry Sanders ya tafi a 1999 da sauran ƙarfinsa. Aka sallami koci Caldwell bayan ya ci 9 ya faɗi 7, aka kawo Patricia, kowa a nan ya san abin da ya biyo baya, ba sai na tayar mana da hawan jini ba. A 2019 da karaya a ƙashin baya Stafford ya bar fili. Da ya nemi a sake shi a farkon 2021, har aka kai shi Rams, ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Abin da ya ƙona min rai ba tafiyarsa ba ce. Wani ɗan gida ne da muke aiki tare, ba zan kama suna ba don wasunku sun san shi. Shekaru muna kallon wasa tare, a gidana ya koyi dokokin wasan nan, ni na zaunar da shi na yi masa bayanin dama huɗu da yadi goma. Fabrairun 2022, ranar Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na Rams da Bengals, ya gayyace mu gidansa. Na je da yarana, na sa rigata ta Lions mai lamba 9, don ni ma ina so Stafford ya ci, wallahi ina so. Muna shiga na tarar da shi sanye da irin rigunan nan da aka yi ta sayarwa a lokacin masu rubutun Detroit Rams. Na haɗiye. Da Rams ta ci 23 da 20 sai ya juyo, gaban yarana, gaban matarsa da baƙi, ya kama hannun rigata ya ce, "Alhaji, ka ga sai da ya cire wannan tsumman sannan ya zama mutum. Ku ma ku cire wa yaran nan, kada ku gadar musu da baƙin ciki." Aka kwashe da dariya. Ƙaramin ɗana ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Ban ce komai ba, na ajiye farantin shinkafar da ko rabi ban ci ba, na ce yara su sa takalma. A mota babu wanda ya yi magana har muka isa gida. Washegari a wurin aiki ya maimaita wa mutane yana kwaikwayon yadda na tashi. Wannan mutumin dai, a Janairun 2024, shi ne ya turo min hotonsa da sabuwar rigar Goff mai lamba 16, wai ko na san inda ake samun tikiti da rangwame. Ban amsa ba. Muna gaisawa a masallaci, shi ke nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma gidana ba zai ƙara kallon wasa ba.

Na yi nisa. Batun Goff.

Shi Goff a yashe ya zo mana. Rams ce ta ɗauke shi na ɗaya a 2016, ya kai su Super Bowl, New England ta tsayar da su a maki 3, daga nan kocinsu ya fara gajiya da shi. Sai da suka haɗa mana da damar zaɓen sababbin 'yan wasa, ta zagayen farko guda biyu da ta zagaye na uku guda ɗaya, sannan aka yi musayarsa da Stafford. Kowa ya ɗauka rikon ƙwarya zai yi mana. Wasa 11 na farko ba mu ci ko ɗaya ba, kunnen doki guda ne kawai. Bai yi ƙorafi ba, bai nemi tafiya ba. Sai ranar 5 ga Disambar 2021, daƙiƙar ƙarshe, ya sami St. Brown a kan Minnesota, ya ruga ya rungume koci Dan Campbell. A 2022 muka fara da ci 1 faɗuwa 6, muka ƙare da 9 da 8, har muka je filinsu na Lambeau muka rufe wa Green Bay ƙofa a wasan kwatabak ɗinsu Rodgers na ƙarshe da su. Wannan kaɗai ya isa in yafe wa Goff abubuwa da yawa.

Kuma ai an haɗa su fuska da fuska, ɗan'uwa. 14 ga Janairun 2024 a filinmu na Ford Field, a zagayen sili ɗaya ƙwale. Stafford ya jefa yadi 367, ya fi Goff yawa, an buge shi har hannunsa ya yi jini bai fita ba. Amma 24 da 23 aka tashi, mu ne a sama, karon farko da muka ci wasa a wannan zagaye tun Janairun 1992. Ihun da aka yi wa Stafford ranar bai min daɗi ba, ban taya ba. Da filin ya ɗauki kiran sunan Jared Goff kuwa, da ni aka yi, a falona, har maƙwabci ya buga bango.

Ga inda nake ganin bambancin yake. Stafford yana iya fitar da abu daga inda babu komai, shi ya sa kuma yake jefa ƙwallon da za ka riƙe kai. Goff kamar tela ne mai kyan ɗinki: ba shi teburi mai kyau da haske, zai fitar maka da aikin da babu zare ko ɗaya a waje, amma ka girgiza teburin ka ga abin mamaki. In katangar gabansa, wato 'yan wasan da ke kare shi, ta tsaya, zai yi maka irin na Seattle a 2024, jifa 18 duka 18 sun shiga hannu. In aka huda ta tsakiya aka taso masa, ba shi da ƙafar gudu, sai ka ga irin na Washington: uku aka cafke, ɗaya ta suɓuce masa. Ba zan kare shi a wannan daren ba, ya yi wasa marar kyau. Amma maki 45 aka zura mana, kuma rabin masu tsaron bayanmu suna jinya, har da Hutchinson da ya karye a ƙafa tun Oktoba. Ko Stafford ne a fili, ba shi zai tare Jayden Daniels, kwatabak ɗin Washington, ba.

Faɗuwar da muka yi a San Francisco a Janairun 2024 ma kada ka ɗora masa. Muna gaba da 24 da 7 aka tafi hutu. Shi ne ya saki ƙwallon da aka sa masa a hannu a dama ta huɗu? Shi ne ƙwallo ta daki hularsa ta faɗa hannun Aiyuk na San Francisco? A bar wannan maganar, yau ba zan iya biyu ba.

Abin da mutane ke mantawa, ba Goff kaɗai aka ba mu ba. Da zaɓin Rams aka haura aka ɗauko Jameson Williams, da ɗayan kuma aka juya aka samo Gibbs da LaPorta. In kana son Stafford ya dawo, to sai ka mayar musu da waɗannan duka. Ni dai ba zan mayar ba. Da Stafford ya zauna, da tsufa zai yi a hannunmu babu zoben cin kofi, mu kuma babu yaran nan.

Shawarata, kada ka yar da rigar nan, kuma kada ka ji kunyar sawa. Ni ranar wasa ta 16 nake sawa, ranar yankan ciyawa da zuwa kasuwa ta 9. In Rams na wasa da wasu ina yi masa fatan alheri, in da mu ne ban san shi ba. Ka daina karanta sharhin mutane a intanet daren da aka ci mu, kashe wayar ka kwanta. Ka kuma zaɓi wanda za ka kalli wasa da shi, musamman in da yara, wannan da gaske nake. Kuma in kana neman abin damuwa, ka bar kwatabak ka dubi gabansa: a 2025 Ben Johnson mai tsara mana kai hari ya koma Chicago, Ragnow na tsakiyar katanga ya ajiye wasa, an kuma ba Goff kwantiragin dala miliyan 212 na shekara huɗu, kuɗin da dole ya rage abin da za a kashe a wasu wurare. In za ka kalli wasa na gaba, ɗauke ido daga ƙwallo na ɗan lokaci ka kalli mutum ukun da ke tsakiyar katanga. In suna ja da baya suna taka masa ƙafa, ka tashi ka ɗora shayi tun da wuri.