Tambayoyinku Kan Fasaha: Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin, Kiɗan Takensu, da Faya-fayen da Aka Tsinta a Jos

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan shirye-shiryen talabijin na Amurka da Ingila na shekarun 1950 da 1960, waɗanda intanet ta sake fito da su har matasa suke kallonsu a waya. Yawancin masu tambayar suna ɗora laifi a kan wayoyinsu ko a kan raunin sabis, alhali kuwa amsar kusan kullum tana komawa ne ga abin da aka naɗi shirin a kansa tun ranar da aka ɗauke shi.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Funtuwa: Assalamu alaikum. Idan na kalli I Love Lucy a wayata hoton yana fitowa tas, amma wasu shirye-shiryen na zamani ɗaya da shi sai su fito dishi-dishi, ko fuskokin mutane ba a tantancewa. Wayata ce take da matsala?

Wa alaikumus salam, Malam. Wayarka lafiyarta ƙalau. A farkon shekarun 1950 babu na'urar naɗar bidiyo a kan tef, saboda haka galibin shirye-shiryen Amurka kai-tsaye ake watsa su daga birnin New York. Idan ana son tashoshin da ke nesa su nuna shirin daga baya, sai a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin ta ɗauki abin da allon yake nunawa. Wannan dabara ita ake kira kineskof, kuma ita ce asalin dishi-dishin da kake gani, domin hoto ne na hoto, kuma duk lahanin allon ya shiga cikinsa.

I Love Lucy, wanda tashar CBS ta fara nunawa a 1951, ya kauce wa wannan hanya ne saboda jarumansa, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, sun ƙi barin Los Angeles su koma New York. Kamfanin sigari na Philip Morris, wanda ya ɗauki nauyin shirin, bai yarda masu kallo na gabashin ƙasar, waɗanda su ne suka fi yawa, su riƙa kallon kineskof ba. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki shirin a kan fim mai faɗin milimita 35 irin na silima, da kyamarori uku a lokaci guda, a gaban 'yan kallo na gaske waɗanda ake jin dariyarsu. Wanda ya tsara hasken fitilun shi ne Karl Freund, ƙwararren mai ɗaukar hoto da ya yi aikin fim ɗin Jamus mai suna Metropolis na 1927. Da yake wannan hanya ta fi tsada, ma'auratan sun amince a rage musu albashi, bisa sharaɗin cewa faya-fayen za su zama mallakar kamfaninsu na Desilu. Tashar ta ɗauka ta ci riba, sai daga baya ta gane cewa shirin da ke kan fim ana iya maimaita shi shekara da shekaru, har ta koma ta saye su da kuɗi masu yawa. Wannan kamfani na Desilu, wanda Lucille Ball ta zama shugabarsa a 1962, shi ne kuma ya fito da Star Trek da Mission: Impossible a 1966.

Abin da ya shafi wayarka a nan shi ne, fim na milimita 35 yana riƙe da bayanan hoto fiye da abin da talabijin mai layi 525 ta wancan zamani take iya nunawa. Da aka samu na'urorin zamani sai aka sake kwafo hoton daga ainihin fim ɗin, ya fito da kyau fiye da yadda mutanen 1951 suka taɓa ganinsa. Tef ɗin bidiyo kuwa, wanda kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956, adadin layukansa a ƙayyade yake, ba a iya tatso abin da bai shiga ba. Idan kana son gani da idonka, nemi zango na biyu na The Twilight Zone na Rod Serling. Kashi shida a cikinsa an ɗauke su ne a kan tef domin rage kashe kuɗi, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane su, saboda sun bambanta da sauran a haske da yanayin motsi.

Tambaya daga wata ɗaliba a Maraɗi: Me ya sa baƙin fili yake fitowa a dama da hagu idan ina kallon Bonanza? Akwai yadda zan cike allon?

Malama, akwai yadda za ki cike shi, amma ba na ba ki shawarar yin haka. Tsofaffin akwatunan talabijin faɗinsu kashi huɗu ne, tsayinsu kashi uku, kuma da wannan ma'auni aka ɗauki shirin. Talabijin ta yau 16 ce a kan 9, wayoyi kuma sun fi haka tsawo. Idan kika miƙe hoton, mutane za su yi ƙiba, dawakai su yi gajeru. Idan kuma kika zuƙo shi, za ki yanke saman kawuna da ƙasan hoton. Baƙin filin alama ce ta cewa kina ganin hoton cikakke. Bonanza ma ya cancanci a kalle shi yadda yake, domin tun 1959 aka ɗauke shi da launi, a lokacin da kamfanin RCA, wanda ya mallaki tashar NBC, yake neman abin da zai sa jama'a su sayi talabijin mai launi.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Jos: Na ji ana cewa an taɓa samun wani ɓataccen shirin Ingila a garinmu. Gaskiya ne? Kuma ta yaya babbar tasha take ɓatar da shirinta?

Gaskiya ne, Malam. Shirin shi ne Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kashe Shugaba Kennedy na Amurka. A watan Oktoba na 2013 aka sanar da cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin faya-fayai, wanda shi ma sunansa Philip Morris ba tare da wata alaƙa da kamfanin sigarin ba, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin da ke Jos. Kashi goma sha ɗaya ne a ciki, tara daga cikinsu kuma babu su a ma'ajiyar BBC. Labarai biyu ne na shekarun 1967 da 1968, lokacin da Patrick Troughton yake jan shirin, wato The Enemy of the World, inda ya fito a matsayin mutum biyu, da The Web of Fear, wanda aka gina a kan dodanni a hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. Labari na farko ya cika gaba ɗaya, na biyu kuma kashi na uku ne kaɗai bai dawo ba a lokacin. Wannan tsintuwa ta rage adadin ɓatattun kashi-kashin shirin daga 106 zuwa 97.

Batun ɓatarwa kuwa, da gangan aka yi. Tef mai faɗin inci biyu yana da tsada ƙwarai kuma ana iya sake naɗa a kansa, sai tashar ta riƙa goge tsohon shiri ta ɗora sabo. Yarjejeniyar da ke tsakaninta da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, zuwan talabijin mai launi kuma ya sa aka ɗauka babu mai sake neman fari da baƙi. Sai a 1978 aka daina wannan al'ada. Abin da ya ceci wasu shi ne kasuwanci da ƙasashen waje. Kafin a goge tef, akan kwafe shi a kan fim mai milimita 16 a sayar wa tashoshin ƙetare, kuma kwafi ɗaya yakan bi tasha bayan tasha daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙa'ida ita ce tasha ta ƙarshe ta mayar da shi ko ta lalata shi, amma na Jos suka tsaya a kan kanta shekaru masu yawa. Muryoyin dukkan ɓatattun kashi-kashin kuwa suna nan, saboda masu sha'awar shirin sun riƙa ɗaukar sautin da rakodarsu a gida lokacin da ake nunawa.

Duk wanda ya ci karo da irin waɗannan gwangwanaye a wani ɗakin ajiya, kada ya yi gaggawar sa su a majigi. Idan suna warin tsami mai kama da na binega, alama ce fim ɗin ya fara ruɓewa, sai a raba shi da sauran, a ajiye a wuri mai sanyi mara danshi, a nemi masana. A ganina tsofaffin wasannin kwaikwayonmu na Hausa da ke kan kaset suna fuskantar irin wannan haɗari, domin zafi da ƙura ba sa barin tef.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Kiɗan taken Mission: Impossible da ke faifan DVD nawa ya fi sauri da kaifi a kan wanda nake ji a intanet. Wanne ne na ainihi?

Alhaji, kunnenka bai yaudare ka ba, kuma mai yiwuwa na intanet ɗin ne yake kan gudunsa na asali. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya da Ingila suka yi amfani da shi, hoto 25 yake nunawa, saboda wutar lantarkin waɗannan ƙasashe tana juyawa sau 50 a sakan. Hanya mafi sauƙi ta daidaita su ita ce a ƙara wa fim ɗin gudu da kusan kashi huɗu cikin ɗari, sai shirin minti 50 ya koma minti 48, sauti kuma ya ɗan haura sama. A Amurka ana maimaita wasu hotunan ne domin cike giɓin, shi ya sa gudun ba ya canzawa yadda kunne zai ji. Idan kana son gyarawa a kwamfuta, manhajar VLC tana ba da damar rage gudu zuwa kusan 0.96, amma sai ka kashe zaɓin da ke riƙe kaifin sauti a wuri ɗaya, in ba haka ba saurin ne kawai zai ragu. Shi wannan kiɗa na Lalo Schifrin, a kan bugu biyar aka gina shi maimakon huɗu da aka saba, shi ya sa yake da wuyar bi da tafi.

Tambaya daga wata uwa a Kumasi: Akwai wani kiɗan tsohon shiri da yake yawo a kaina, ban san sunansa ba. Na rera wa manhajar gano waƙa ta Shazam amma ta kasa ganewa.

Hajiya, Shazam ba ta aiki da rerawa. Tana kwatanta sautin da ta ji ne da tambarin ainihin waƙar da aka naɗa, don haka dole sai kiɗan da kansa yana tashi a kusa da wayar. Ki buɗe manhajar Google, ki taɓa alamar makirfo, ki zaɓi neman waƙa, sannan ki yi gunguni ko fito na tsawon sakan goma zuwa goma sha biyar. Tun 2020 aka ƙara wannan, kuma yana bin hawa da saukar karin ne, ba muryarki ba. Kafin nan ga 'yan alamu. Idan fito ne da baki, mai yiwuwa taken The Andy Griffith Show ne na 1960, wanda Earle Hagen ya tsara kuma shi ya yi fiton da kansa. Idan ana ƙyasta yatsu sau biyu a tsakani, The Addams Family ne na Vic Mizzy na 1964. Idan kuwa wani sauti ne mai kama da kukan iska a kan bugu mai zurfi, to taken Doctor Who ne. Ron Grainer ya rubuta shi, amma Delia Derbyshire ce ta haɗa shi a 1963 ba tare da kwamfuta ba. Ta naɗi sautin tsirkiya ɗaya da na na'urorin gwajin lantarki, ta riƙa canza gudun tef domin samun kowane sauti, sannan ta yanka tef ɗin da reza ta liƙa gutsure bayan gutsure. Sunanta bai fito a allon shirin ba sai a 2013, shekara goma sha biyu bayan rasuwarta.

Tambaya daga wani matashi a Garwa: Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke sa wa tsohon bidiyo launi suna dawo da ainihin launin ne?

A'a, ɗan'uwa, hasashe suke yi. Fim na fari da baƙi haske da duhu kawai ya adana, saboda haka jar riga da koriyar riga suna iya fitowa da toka iri ɗaya. Manhajar tana duba siffar abin ne ta zaɓi launin da ta fi ganin irinsa a hotunan da aka horar da ita da su, shi ya sa sama da ciyawa suke fitowa daidai, tufafi kuma su riƙa canza launi daga wannan fitowa zuwa waccan. Haka ma manhajojin ƙara kaifin hoto, suna zana ido da haƙoran da babu su a kineskof ɗin. Akwai dai wani yanayi guda da ake samo launi na gaskiya. Wasu shirye-shiryen BBC da aka watsa da launi, aka kuma kwafe su a fim na fari da baƙi, sun bar wasu ƙananan ɗigo-ɗigo na siginar launin a jikin fim ɗin, kuma da su aka dawo da launin wani kashi na Dad's Army a 2008. Idan za ka gwada waɗannan manhajoji, ka ajiye kwafin asali daban, kuma ka guji duk wadda ta nemi izinin shiga lambobin wayarka ko saƙonninka, domin aikin sa launi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.