Filin Tambayoyinku: Ni nas ce, da gaske ana biyan mutum yana karatu a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ni nas ce, na yi digirina na jinya a jami'a, shekara huɗu kenan ina aiki a ɗakin haihuwa. Wata ƙawata ta ce min wai a Amurka in mutum zai yi mastas ko PhD ana ba shi aikin taimaka wa farfesa, a yafe masa kuɗin makaranta kuma a riƙa ba shi albashi duk wata. Dan Allah gaskiya ne kuwa, kuma mu 'yan jinya muna ciki? Ni dai mastas nake so in yi in dawo gida in koyar.
Daga wata 'yar uwa, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, amin na gode. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta ba ki labarin ne ta gefe mai daɗi, bari in cike miki sauran.

Abin kala biyu ne, akwai mataimakin bincike da suke ce wa RA, akwai mataimakin koyarwa wato TA. Duka biyun aiki ne fa ba kyauta ba, yawanci awa 20 a sati, wanda shi ne ma iyakar abin da bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda ki yi a cikin makaranta lokacin da ake karatu. In RA ce ke, farfesa na da kuɗin bincike a hannu sai ya ɗauke ki ki taya shi, ke ce neman mutanen da za su shiga binciken, ke ce yi musu tambayoyi, shigar da bayanai a kwamfuta, tattara abin da wasu suka rubuta a kan maganar, wani lokacin har a sa sunanki cikin marubutan takardar in ta fito. In TA ce kuma, duba jarrabawa da aikin gida na 'yan digirin farko, zama da su a ɗakin gwaji suna koyon sa allura da auna hawan jini a jikin mutum-mutumi. Ladan shi ne a ɗauke miki kuɗin karatu, duka ko wani kaso, da alawus, da yawa kuma har inshorar lafiya.

To amma ga inda nake so ki buɗe kunne. A fannin jinya kuɗin nan kusan duk wajen 'yan PhD yake tafiya. Mastas ɗin jinya a can, da ɗayan digirin, na dakta a aikin jinya, da suke kira DNP, an gina su ne don nas-nas ɗin da ke aiki a asibiti suna biya da kansu ko asibitin ya taimaka musu, shi ya sa makarantu ba su cika ware musu wani abu ba, in ma an samu sai ki ga awa 10 ne da rabin kuɗin makaranta, sauran rabin kuma da dala za ki nemo shi. PhD kuwa horon bincike ne, manyan makarantu irin su Johns Hopkins da Duke suna ɗaukar nauyin ɗalibansu na cikakken lokaci. Kuma akwai makarantu da yawa masu karɓar mai digirin farko kai tsaye zuwa PhD ba sai da mastas ba. Tunda burinki koyarwa ne wallahi ni nan zan ce ki sa ido, ko ki yi mastas ɗinki a gida cikin sauƙi ki samu ko takarda ɗaya da aka wallafa, sannan ki nemi PhD da ƙarfinki.

Sai maganar lasisi, wadda ita ce ke kayar da mutanenmu. Lasisin da hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya ta ba ki ba zai sa ki taɓa majinyaci a Amurka ba, kowace jiha da nata lasisin, sai kin ci jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX bayan an tantance takardunki, galibi ta hannun hukumar tantance takardun nas-nas 'yan ƙasashen waje, TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS. Duk aikin TA da ya haɗa da kai ɗalibai asibiti sai mai lasisin jihar, wasu makarantun ma ko shiga ba sa bari a yi babu shi, wasu kuma ba ruwansu in bincike kawai za ki yi. Don haka RA ta fi miki kusa. Kuma kar ki ɓata lokacinki kan tallafin horo na hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, irin su T32 da F31, ko bashin malaman jinya na gwamnatin tarayya, waɗannan na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin.

Yadda ake samu kuwa, farfesa ake nema kafin makaranta. Ki zauna ki tambayi kanki wace matsala ce ta fi ci miki tuwo a ƙwarya a ɗakin haihuwar nan, zubar jini bayan haihuwa ne, jijjiga ce, ko matan da ba sa zuwa awo sai abu ya lalace? Ki nemo malaman da ke bincike a kai, ki karanta takardunsu biyu ko uku da gaske, sannan ki tura gajeren imel ki ce ga ni, ga abin da na gani da idona, ga inda ya haɗu da aikinku. Shekara huɗun nan da kike gani kamar ba komai ba ne, su ne jarinki, domin kin ga abubuwan da da yawansu a littafi kawai suka sani. Yawanci ana rufe karɓar takardu tsakanin Nuwamba da Janairu don a fara a Agusta, kuma in an miki tayin tallafi jami'o'i da yawa suna ba ki har 15 ga Afrilu ki yanke shawara, kar kowa ya tsorata ki ki amsa a guje.

In takardar tayi ta zo ki karanta ta da kyau: na wata 9 ne ko 12, shekara nawa aka lamunce, ƙananan kuɗaɗen makaranta suna ciki ko ke za ki biya, inshorar ta haɗa da yara? Ana cire haraji a alawus ɗin, kuma in makinki ya faɗi ƙasa da 3.0 bisa 4.0 yawanci ana iya janyewa. Maigida in ya biyo ki da bizar iyalin ɗalibi ta F-2 ba shi da izinin aiki, wannan ku tattauna shi tun a gida. Dokokin bizar Amurka kuma suna ta sauyawa, kafin ki kashe ko sisi ki tuntuɓi ofishin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas, shawararsu ta farko kyauta ce.

TAMBAYA: Anti ni makarantar jinya ta shekara uku na yi, ba ni da digiri, zan iya nema?
Daga wani ɗan uwa, Gusau

AMSA: Ɗan uwa ba yanzu ba tukuna, digirin farko shi ne ƙofar. Ka nemi gurbin digirin jinya na BNSc a jami'o'in da ke karɓar nas-nas masu rajista kai tsaye, ka dage makinka ya yi kyau, kuma lokacin rubuta furojet ka yi shi da hannunka kar ka ba wani, domin malamin da ya duba maka shi ne zai rubuta maka wasiƙar shaida nan gaba.