Amsa ga uwar da manemin 'yarta ya ce ba aiki ba sana'a

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce 'yarki ta gama NCE, manemin ya ce in an ɗaura aure ba aiki ba sana'a, shi zai ɗauki komai. Mahaifiyarki kuma ta ce a ba shi, ai su ma a zamaninsu miji ne gatan mace. Kina tambaya ko ki amince.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma ki tambaye ta da kuɗin wa ta yi miki kayan ɗaki. A cikin birnin Kano na tashi, gidan kulle sosai, kuma ban san matar da ke zaune haka nan a layinmu ba. Wannan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waccan ɗinkin hula, wata fura, wata daddawa. Yara su fita da talla, ciniki ya shiga adashi, in ta kwasa ta sayi akuya ko ta ƙara jeren kwanuka. Maigida na ba da cefane, amma gudummawar biki da suna da auren 'ya mace, rabi daga lalitarta yake fita. Mijin bai ma san abin da ta tara ba, addini kuma bai ba shi ikon taɓawa ba.

Mu tsararmu ne muka faɗa tsakiya. Injin ya karɓe matsar mai, yara suka tafi boko, talla ta zama abin kunya, aikin gwamnati kuma ba kowa ta samu ba. Mu muka jingina da miji gaba ɗaya, mu muka sha wuya. In ya rasu, ki yi takaba wata 4 da kwana 10, tumunin da za a fitar ku raba da kishiyoyi. In saki ne, idda na ƙarewa ciyarwa ta ƙare, ki koma gidan tsohon da shi ma 'ya'ya ke riƙe da shi. Ko auren zawarawa da Hisbah ta fara a Kano a 2012, ai ba gado da katifa kaɗai aka ba amaren ba, har da jari.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, magidanta nawa ne albashinsu ke kai ƙarshen wata? Samari da yawa yanzu mai aiki suke nema, sai dai wannan ma da tata matsalar, don wasu sakar mata cefanen suke yi dungurungum.

Kada ki kore shi tukuna. Babanta ya zaunar da shi ya ji dalilinsa. In fita ce ba ya so, akwai koyarwa a makarantar 'yan mata ko Islamiyyar unguwa, akwai masu saro atamfa a Kantin Kwari suna sayarwa ta WhatsApp daga ɗakinsu. Duk abin da aka tsayar, a faɗe shi gaban waliyyai kafin a karɓi sadaki, don alƙawarin zaure ba ya kai wata uku. Ta buɗe asusun banki da sunanta, katin yana hannunta. In ya ce ko sana'ar cikin gida bai yarda ba, ni dai da 'yata ce, ba zan sa rana ba.