Amsa ga Hajiya a kan yarinyar da auna fahimta na Turanci yake kayarwa

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a, ya sa musu albarka. Kin ce 'yarki tana aji biyar na sakandare, an ba su matani na Turanci a kan littattafai da amfanin karatu don auna fahimta, wato su karanta su amsa tambayoyi a kansa, ta tashi da maki 6 cikin 20 alhali batun ba baƙo ba ne a wurinta. Kin ce tun bara kika saya mata littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya amma bai yi magani ba, har kina tunanin karɓe wayar da take wuni tana karanta littattafan Hausa a cikinta. Na yi sama da shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare a nan Kaduna, na fara daga wata makarantar gwamnati a Tudun Wada, yanzu kuma ina wata ta kuɗi a wajen Kawo, don haka zan gaya miki abin da idona ya gani, ba abin da na ji ba.

Sanin batun da kike ganin ya kamata ya taimake ta, shi ne sau da yawa yake jefa yaranmu a rami. Matanin da ya yi magana a kan amfanin karatu tarko ne, domin babu yaron da ya tashi a gidan Bahaushe bai sha nasiha a kan neman ilimi ba, daga gida zuwa Islamiyya zuwa taron safe na makaranta. Da zarar ya ga kalmomin littafi da karatu a layin farko, sai ya ɗauka ya riga ya san inda marubucin ya dosa, ya daina karantawa da hankalinsa, ya shiga amsawa daga cikin kansa. Wata shekara na ba ɗalibaina irin wannan matani, wanda marubucinsa yake cewa shi ya koyi son littafi ne saboda kaɗaici, lokacin da jinya ta kwantar da shi yana yaro. Tambaya ta farko ita ce me ya sa marubucin ya fara karatu. Yarinyar da ta fi kowa natsuwa a ajin ta rubuta mini, cikin Turanci mai tsabta, cewa neman ilimi wajibi ne a kan namiji da mace. Maganarta gaskiya ce da ba mai musu, amma sifiri na ba ta, ta kuwa yi fushi da ni har mako guda. Abin da na yi ta nanata mata shi ne, a auna fahimta ba a tambayar mene ne gaskiya, ana tambayar abin da wannan mutumin ya ce ne a wannan takardar, ko da ke ba ki yarda da shi ba.

Sai dai kada in yanke wa 'yarki hukunci ban ga takardarta ba. Yaran da suke faɗuwa a wannan fanni kashi biyu ne, cutarsu daban, maganinsu ma daban, kuma asarar kuɗin da iyaye suke yi a lesin galibi daga haɗa su ne. Akwai wanda Turancin ne bai kai masa ba, akwai kuma wanda ya gane abin da ya karanta amma bai iya ɗauko amsa daga cikinsa ba. Ke da kanki za ki iya bambancewa a cikin minti goma bayan sallar isha'i. Ki ba ta matanin nan da ta faɗi, ta karanta sakin layi ɗaya a zuciyarta, ki karɓe takardar, sannan ta gaya miki da Hausa abin da aka ce. Bayan nan ki ba ta fensir ta ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ta sani ba, ki nuna mata ba za ki yi faɗa ba don kada ta ɓoye. Masu binciken koyon harshe sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. A matani mai kalma 350, wannan yana nufin baƙin kalmomin kada su wuce bakwai ko makamancin haka. Idan kika ga ta ja layi talatin ko arba'in, kuma labarin da ta ba ki da Hausa ya fito a guntule, to tana kashin farko ne, kuma ko tambayoyin shekara ashirin ta haddace ba abin da zai canza, domin matanin da za a kawo mata ranar jarrabawa sabo ne fil.

Wannan kashin ba shi da magani sai karatu mai yawa, kuma mai sauƙi. A nan iyaye suke saɓa mini, domin idan na ce a nemo wa ɗan aji biyar littafin da aka rubuta don 'yan aji ɗaya sai a ga kamar na raina yaron. Amma yaron da yake tuntuɓe a kowane layi ba karatu yake yi ba, dambe yake yi da takarda, kuma kafin ya kai shafi na uku zai ajiye. Ku je wurin masu sayar da littattafan gwanjo a cikin gari ko ɗakin karatu na jiha, ta buɗe tsakiyar littafin labari ta karanta shafi ɗaya tana lanƙwasa yatsa a kan kowace kalmar da ta gagare ta. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare shafin bai ƙare ba, a mayar da shi a ɗauki wanda ya fi shi sauƙi. Mu a zamaninmu jerin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan ne suka buɗe mana ido, ƙanana masu shiga aljihu, labaran soyayya da na 'yan sanda da aka gina a garuruwan Afirka, muna karɓa-karɓa har bangonsu ya yage. Babu malamin da ya sa mu, kuma na tabbata abin da na kwasa daga cikinsu ya fi abin da na kwafa daga allo. Har yanzu akan tsinci tsofaffinsu a gwanjo. Wata dabara mai araha ita ce jarida. Aminiya da Daily Trust kamfani ɗaya ne yake fitar da su, kuma babban labari yakan fito a dukkansu, saboda haka ta fara karanta shi da Hausa, ta koma na Turancin tana riƙe da ma'anar, kalmomin za su riƙa warware kansu. Ƙamus kuwa ta ajiye shi sai ta gama shafi, sannan ta duba kalma biyu ko uku da suka yi ta maimaituwa. Minti ashirin a kullum ya fi awa uku a ranar Asabar.

Maganar karɓe waya, Hajiya, ni ban goyi baya ba, kodayake ke kika san gidanki. Yarinyar da za ta iya bin labari mai babi sittin, ta riƙe sunayen mutum ashirin da dangantakarsu, ta gane cewa uwar miji tana faɗar magana ne tana nufin akasinta, wannan yarinyar ta riga ta mallaki abin da na fi shan wahalar koyarwa, wato zama da rubutu da kuma jin abin da ba a faɗa a fili ba. A ajina, 'yan matan da suke karanta littattafan Hausa sun fi saurin farfaɗowa a Turanci a kan yaran da ba su karanta komai da kowane harshe. Abin da ya rage miki shi ne ki san abin da take karantawa, domin a cikin waɗanda ake yawo da su a waya akwai na kirki akwai waɗanda ba su dace da shekarunta ba, sannan ki gindaya sharaɗi: sai an yi minti ashirin na Turanci kafin a koma wancan.

Idan kuwa ta ba ki labarin daidai da Hausa, layukan da ta ja kuma ba su da yawa, to ki gode wa Allah, tana kashi na biyu, kuma zangon karatu ɗaya ya isa a ga canji. A nan ne littafin da kika saya zai yi amfani, amma ba ta yadda yara suke amfani da shi ba, wato a karanta tambaya a juya baya a leƙi amsa. Ki yage shafukan amsoshin ki adana a wurinki. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30, wato rabin makin takardar yana rataye ne a kan karanta matani, kuma minti 30 kawai ake so ta kashe a auna fahimta. Ta saba da agogo tun yanzu. Ta karanta matanin sau ɗaya don ta san inda ya fuskanta, ta karanta tambayoyin, ta koma matanin da fensir, kuma kada ta rubuta amsa ko ɗaya sai ta iya ɗora yatsa a kan layin da amsar ta fito. Wannan ɗora yatsan shi ne ya warkar da ɗalibata da na ba ki labari.

Wuraren da makin yake zubewa sanannu ne. Matanin da ya shafi littattafai yakan fara da ra'ayin da marubucin zai rushe daga baya, misali cewa mutane da yawa suna ganin waya ta kashe littafi, sai can a tsakiyar sakin layi wata 'yar kalma irin "however" ko "although" ta juya maganar. Yaron da ya tsallake ta zai danƙa wa marubucin ra'ayin da yake yaƙa. Ina sa ɗalibaina su zagaye irin waɗannan kalmomi kafin komai, ina gaya musu cewa su ne "amma" da "sai dai" da "duk da haka" na Turanci, kuma kowa ya san a zancen Bahaushe ainihin maganar tana bayan "amma". Sai kuma wakilin suna "it", wanda ba mu da kamarsa. A Hausa littafi "shi" ne, jarida "ita" ce, don haka kunne yana bin su ba wahala. A Turanci duka biyun "it" ne, har da ra'ayin da aka ambata layi uku a baya, kuma yaro yakan ɓata a nan bai ma san ya ɓata ba. Ta riƙa jan kibiya daga kowane "it" da "this" zuwa abin da yake wakilta.

Tambayar da ake cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata ita ma tana cinye maki a banza. A matanin littattafai an taɓa samun kalmar "volume", rabin ajina suka rubuta abin da ya shafi ƙarar rediyo, alhali juzu'in littafi ake nufi. Ma'anar da kalmar take ɗauke da ita a wannan jimlar ake nema, ba wadda aka fi sani ba, kuma dole wadda aka kawo ta zauna daram a gurbin: idan aikatau ne na abin da ya wuce, a kawo na abin da ya wuce, idan jam'i ne a kawo jam'i. Ta cire tsohuwar ta sa sabuwar, ta karanta jimlar a zuciyarta ta ji ko ta zauna. Kada kuma ta jero amsa biyu da fatan ɗaya ta dace, domin idan ɗaya ba daidai ba ce takan ja ɗayar su faɗi tare. Tambayar nahawu, wadda ake neman sunan wani yankin jimla da aikinsa, tana tsoratar da yara fiye da kima, amma nau'o'in da ake kawowa kaɗan ne, malami mai haƙuri zai gama mata da su a mako biyu. Abin da ya fi damuna shi ne kwafe doguwar jimla sukutum daga matani a ajiye a matsayin amsa, da fatan mai dubawa zai tsinci abin da yake so a ciki. A auna fahimta wannan yakan jawo asara, a taƙaitawa kuwa halaka ce, domin can ana so ne ta faɗi maganar da nata kalmomin cikin gajerun jimloli cikakku. Hanyar da nake bi ita ce ɗalibi ya faɗi amsar da Hausa tukuna, sannan ya mayar da abin da ya faɗa zuwa Turanci mafi sauƙi da ya iya, ba tare da ya kalli takardar ba.

Kin ce Turancinki bai yi zurfin da za ki koya mata ba. Duk abin da na lissafa a sama babu inda ya buƙaci haka daga gare ki. Naki shi ne riƙe agogo, da ɓoye amsoshi, da sauraron labarin da Hausa, da yi mata tambayar da ni ma nake yi wa ɗalibaina kullum: a wane layi aka faɗi haka? Idan tana kashin farko ne, kada ki sa ran makin zai motsa a zangon nan, domin abin da za ki fara gani shi ne ta gama littafi ta nemi wani, makin sai daga baya yake biyowa, kuma tunda tana aji biyar akwai sauran lokaci kafin WAEC da NECO, har da JAMB wadda ita ma takan sa ɗalibai karanta littafin labari guda don sashenta na Turanci. Ki karɓo takardar da ta ci maki shida ɗin daga wurin malaminta, ku yi gwajin nan a daren yau ko gobe, ki sanar da ni yawan layukan da ta ja da kuma tambayoyin da ta rasa, sai in gaya miki inda ya kamata ku fara.