'Yata ta maƙale wa littafin Aru Shah, an ce min akwai aljanu a ciki

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara 13 ta aro littafin Turanci mai suna Aru Shah and the End of Time a makarantarsu, ko abinci sai da shi a hannu. An turo min saƙo a WhatsApp wai irin waɗannan littattafan na gumakan Indiya aljanu ne ke bin mai karanta su. Hankalina ya tashi. In kai ta wurin mai ruƙiyya?

Amsa: Hajiya, kada ki kai ta ko'ina. Ƙagaggen labari ne da Roshani Chokshi, marubuciya 'yar Amurka mai tushe a Indiya, ta fitar a 2018, na farko cikin jerin littattafai biyar. Yarinya ce 'yar shekara 12 a birnin Atlanta ta kunna wata tsohuwar fitila don ta burge 'yan ajinsu, sai ta saki wani mugun dodo. Daga nan ta gano ita ce Arjuna da ya sake dawowa duniya, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyar na Pandawa a Mahabharata, wani tsohon labarin gargajiya na Indiya.

Maganar aljanun nan kuwa ta ishe ni. Kusan kullum sai wata uwa ta zo min da ita, kuma duk daga saƙon da ba a san wanda ya rubuta shi ba. Yarinya ta kwana karatu da tocila ƙarƙashin bargo, gari ya waye idonta ya yi ja tana hamma, sai a ce an shafe ta. A kai ta gun wani da ya buɗe shago jiya, ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, wani har da bulala, ya karɓi kuɗi. Ta dawo gida tana tsoron takarda, abin da malamanta suka yi shekaru suna lallashinta a kai. Wa ya ci riba? Tun zamanin silima iyayenmu ke kallon finafinan Indiya, ana nuna gumaka da fitilu da furanni, suka fito suka tafi masallaci. Kalila wa Dimna da malamai ke karantawa da Larabci ma asalinsa Panchatantra ne, littafin tatsuniyoyi na Indiya, Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8, ba wanda ya ce aljani ya bi shi.

Abin da ya cancanci zama da ita shi ne batun sake haihuwa, wato mamaci ya sake dawowa duniya a wani jiki, domin a kansa aka gina labarin gaba ɗaya, kuma ya saɓa wa aƙidarki. Ki ce ta ba ki labarin da bakinta, ki tambaye ta me ta fahimta, ki faɗa mata abin da addininku ya ce game da mutuwa da tashin ƙiyama. Sannan ki sa mata doka: ƙarfe goma na dare a kashe tocila, littafin ya kwana a ɗakinki.