Me ya sa ɗalibaina ba sa koyarwa yadda na koya musu?

Tambaya: Ni malami ne a wata kwalejin ilimi a Zamfara. Ina koya wa ɗaliban NCE, wato masu neman takardar shaidar malanta, dabarun koyarwa, amma da na je duba su wurin koyarwar gwaji, sai na tarar sun cika allo da rubutu, yara sai kwafa kawai. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Malam, kafin mu ɗora musu laifi, darasin da ka yi musu kan barin yara su yi magana a aji, yaya ka gabatar da shi? In takardar lacca ka karanta musu suna rubutawa, to abin da suka gani suka ɗauka. Gani ya kori ji. Ɗalibin nan ya shafe shekara 12 a firamare da sakandare yana kallon malamai, kuma tun 1975 masanin nan na Amurka, Dan Lortie, ya nuna cewa wannan kallo yana tasiri ƙwarai a kan yadda sabon malami zai koyar. Shekara 3 na NCE ba za su goge shi da baki ba.

Fara da tambaya. Maimakon ka ce su kawo ma'anar wani abu, tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi a bazara. Sannan ka yi shiru. Wata mai bincike kan ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, amma idan jiran ya kai daƙiƙa 3, amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Shirun nan yana da nauyi, ni ma sai da na saba. In amsa ta zo, ko daidai ce, ka ce: mene ne dalilinka?

Batun ƙirƙirar dabarun koyarwa kuma ba ya jiran kwamfuta. Wanda za a tura ƙauye a Maru ko Anka ya ga ka karya karan dawa gida huɗu ka koyar da rubu'i, ya ishe shi.

Amma inda na fi ganin rauni shi ne ƙarfin gwiwa, namu kafin nasu. Malamin da ke tsoron a ƙure shi ba ya barin ƙofar tambaya a buɗe. Ranar da ɗalibi ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, gobe ka dawo da amsa. Su kuma, yi amfani da ɗan gajeren darasin gwaji da aka fara a jami'ar Stanford a 1963: ɗalibi ya koyar na 'yan mintuna, a yi masa gyara, ya sake. Sakewar nan muke yawan tsallakewa saboda yawan ɗalibai. Raba su rukuni-rukuni, kowa ya samu zagaye na biyu kafin a tura shi gaban yara.